Asabar a Gidan Gwaggo Mai Daddawa

Tun ranar da na dawo hutu ban huta ba. Duk wadda ta shigo gidanmu, kafin ta gama "sannu da hanya" sai ta ɗora da "to ya Wudil ɗin?" Na ba mutum ɗaya labari, ta kai wa wata, kafin ya zagayo kunnena an ce wai ɓata na yi a Najeriya wata uku, har sai da Baba ya je ya nemo ni. Ba haka aka yi ba. In ma ɓatan ne, to a kan tabarma na yi shi, ana dama mini fura. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta sau ɗaya, duk wadda ta sake tambaya in miƙa mata ta karanta, in samu in sha ruwa.

Kun san yadda aka sha fama kafin Baba ya yarda. Sakandare a Babura bai dame shi ba, don a gidan ƙanwar Inna na zauna. Amma jami'a, a garin da bai da ido, wannan kam sai da aka yi wata biyu ana lallashi. Ranar da ya amince, a shagonsa ya kira ni, yana kan keken ɗinki, bai ko ɗago kai ba.

"Ummi, akwai Gwaggona a Utai, kusa da Wudil ɗin. Na aika mata ta bakin ɗanta da ke Kudu. Kowace Asabar ki tahi ki gaishe ta. Ita ce idona. Ranar da ta ce ba ta ganin ki, ranar karatu ya ƙare."

Na ce to. Na tambayi yadda zan gane gidan, ya ce in na ga masallaci mai tsamiya a gaba, in tambayi gidan mai daddawa, ko makaho zai nuna mini. Rabonsa da garin tun ba a haife ni ba. Sunanta kuwa ban tambaya ba, ku ma na san ba za ku tambaya ba. Ƙanwar mahaifinsa ce, da wane baki zai kama sunanta, ni kuma da wane ido zan ce ya kama?

Ranar Juma'a da sassafe na bar Magariya. Kayana sun fi ni yawa: katifa, bokiti, risho, ƙullin garin kunu, ga kuma jakar tsarabar Gwaggo da Inna ta ɗaure da igiya har uku, kilishi da cuku da dabino. Wata mata mai zabi ce kusa da ni a mota. Tun daga tasha take ba ni tarihin ciwon ƙafarta, zabinta kuma suna tsattsagar igiyar jakata.

Iyaka ba baƙuwata ba ce, shekara shida ina tsallaka ta. Aka sauke mu, muka taka da ƙafa kamar kullum. Wani jami'i ya duba takarduna, ya ce ina za ni. Na ce Wudil. Ya dube ni, ya dubi bokitina, ya ce, "Saniya za ki sayo?" Duk suka yi dariya, har da mai zabi. Ni dai na yi murmushi don kada a ce ban gane ba, amma ban gane ba.

Kano ce ta fara juya mini kai. Gada a kan gada, hanya a ƙarƙashin hanya, kowa yana sauri kamar an ce gidansu ya kama wuta. Mai a-daidaita-sahu ya kwashe ni daga wannan tasha zuwa waccan, a hanya murfin bokitina ya yi tsalle ya bi wani titi, na ce ya tsaya, ya ce, "Hajiya, sai dai ki yi masa addu'a." Har na gama zangon karatu da faranti nake rufe ruwana.

Sai da muka doshi Wudil na gane barkwancin jami'in nan. Ashe Juma'a ce ranar kasuwarsu, kuma kasuwar shanu ce. Muka tsaya cak kafin gada, tirela gaba, tirela baya, ƙahoni ta ko'ina. Wani bijimi ya zuro hanci ta tagar da nake, ya yi mini numfashi a kunne, na ƙwalla ƙara, direba ya ce sannu da zuwa yake yi mini. Da muka hau gadar kuma sai na manta da shi. Ruwa ne shimfiɗe, da kwale-kwale, da masu ɗiban yashi, da mata masu soyayyen kifi suna bin motoci da tire. Ni da na tashi ina ganin tafki yana ƙafewa kafin sanyi ya wuce, baki buɗe na tsallake gadar nan.

Ɗakin da aka ba ni a makaranta na mutum huɗu ne a takarda. Da na shiga na tarar da takalma sun fi ƙafa takwas, don kowa tana da ƙawar da ba ta samu gado ba. Ina tsaye da katifa a ka, ban san inda zan sauke ba, sai wata doguwa ta taso ta karɓe ta. Ita ce Rifkatu, 'yar Zonkwa, Kirista, tana shekara ta biyu. Ita ta nuna mini layin famfo, ta koya mini cewa bokiti ne yake bin layi ba mutum ba, kuma in kika matsar da na wata kin nemi faɗa. Ita ta ja ni ofis-ofis wajen rajista. Kwana huɗu muna yawo, a sa hannu a nan a ce sai an buga hatimi a can, a can kuma a ce mai hatimin ya fita. Har yau akwai wata koriyar takarda a jakata da ban san ta mene ce ba, kuma ina tsoron yar da ita.

Ranar farko a aji malami ya kira "Rakiya Isa" sau uku, ina zaune ina waige-waige ina neman mai sunan. Sai da ta kusa da ni ta leƙa katina ta zungure ni. Kun san sunan kakar Baba aka sa mini, babu mai faɗarsa a gidanmu, ni kaina sai in yi shekara ban ji shi ba. Da na ba Rifkatu labari ta yi dariya har da riƙe ciki. Su a wurinsu suna na kira ne. Mamarta takan bugo mata waya kowace safiya, ta kira sunanta ɓaro-ɓaro, ta tambaye ta abin da ta ci. Ni kuwa Inna in na bugo sai ta ce a ba ƙanena ya ji ko lafiya.

Abinci ma sai da na koya. Burodinsu laushi kamar auduga, ga zaƙi, na yi kewar namu dogo mai ƙarfi. Shayi a kofi kamar na alwala suke sha, fari fat da madara, in na haɗa namu mai ɗaci a ɗan ƙaramin kofi sai 'yan Kano na ɗakin su ce wai maganin me nake sha. Su kuma magana suke rabi Hausa rabi Turanci, sai jimla ta kai tsakiya ta sauya riga. Gurasa da garau-garau dai ban yi musu gardama ba.

Asabar ta farko na ɗauki jakar tsaraba na hau babur zuwa Utai. Gonaki hagu da dama, dawa ta fi mutum tsawo. Na ga masallaci, na ga tsamiya, hankalina ya kwanta. Wani dattijo yana facin keke a gindinta, na gaishe shi na ce gidan mai daddawa nake nema. Da leɓe ya nuna mini. Ban ma buƙaci nunin ba, hanci kaɗai ya isa ya kai mutum.

Na yi sallama na shiga. Wata 'yar tsohuwa gajera tana tsugune gaban wata ƙatuwar tukunya mai ɓallin baki, tana tura itace. Na durƙusa.

"Gwaggo, ina wuni?"

Ta ɗago ta dube ni, ta ɗan jima, sannan ta ce, "Lafiya lau, 'yar nan. Maraba, maraba. Ya hanya?"

"Lafiya lau."

"Ya mutanen gida?"

"Suna lafiya. Baba yana gaishe ki."

"Ina amsawa. Yana nan ƙalau?"

"Ƙalau. Ya Yaya na Kudu?"

"To, sai addu'a."

Kun ji fa. Ku gaya mini inda za a gane akwai matsala a nan. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta dama fura, na ajiye tsaraba na ce ga shi in ji Inna. Ta sa albarka har sai da na ji kunya. Da la'asar ta raka ni bakin tsamiya, ta cusa mini daddawa a jaka. A hanya na bugo wa Baba.

"Kin tahi?"

"Na je."

"Tana lahiya?"

"Lafiya lau, tana gaishe ka."

"Madalla." Ya kashe.

Da na koma ɗaki Rifkatu ta ce, "Yaya sunan antin naki?" Na ce ban sani ba. Ta ce, "Ita ta san naki?" Na ce ba ta tambaya ba, 'yar makaranta take ce mini. Ta ajiye cokalin da ke hannunta. "To in ba ki san sunanta ba, ba ta san naki ba, me kuka wuni kuna yi?" Na ce gaisawa. Na kuma yi mata bayani a tsanake, irin na mai koya wa baƙo, cewa mu ba ma titsiye babba da tambaya, babba kuma ba ya titsiye baƙonsa. Har da ɗan tausayinta na ji a lokacin.

Daga nan Asabar ta zama ranar da na fi so. Sauran kwanakin duk a ruɗe nake yin su. A sanya lakca ƙarfe takwas a wannan ɗaki, mu je mu cika shi, sai a ce an mayar da ita sha biyu a wani ginin. Malami ya yi ta zuba Turanci, in rubuta shafi uku, in dawo in karanta in rasa wa ya rubuta. Sau biyu ina zama a ajin da ba nawa ba har a tashi. Amma a gidan Gwaggo komai yana inda yake. In share tsakar gida, in jawo ruwa, mu zauna mu yi ta surfen kalwa da toka har ɓawon ya fita, mu wanke, ta mayar wuta, ta juye a kwando ta lulluɓe da buhu. Wata rana a aji, kun san kimiyyar abinci nake karanta, malami ya cika allo da bayanin yadda ƙwayoyin halitta suke ruɓar da iri ya zama abin miya. Can tsakiya na gane ashe aikin Gwaggo yake faɗa. Da na gaya mata ta ce, "Shi malamin naku kwana nawa yake rufe tasa?" Na ce bai faɗa ba. Ta ce to bai iya ba.

Ba mai yawan magana ba ce. Gidan ita kaɗai ce, mijinta ya rasu, ɗan na Kudu kuma ban taɓa jin ya bugo ba. Wani lokaci ina aiki sai in ji idonta a kaina, in na waiga ta kawar da kai. Sau da yawa takan ce, "'Yar nan, akwai maganar da nake so mu yi," sai kuma ta ce bari dai ta duba wuta. Na ɗauka zancen samari za ta yi mini, don haka ban taɓa tuna mata ba.

Akwai maƙwabciyarta da ake ce wa Hajiyar Gabas, don gidanta yana gabas da masallaci. Doguwa ce, mai tsage a kumatu irin na tsofaffin garinmu, bakinta kuma ba ya gajiya. Kusan kowace Asabar sai ta leƙo. Ita ma ta ci rabonta na kilishin nan, don Gwaggo ta rarraba wa maƙwabta, har ta ce rabonta da irinsa tun tana budurwa. Nakan tsefe mata kai, in karanta mata takardar magani, in sa mata zare a allura. Wata rana ina tsifar sai ta ja tsaki, ta dubi Gwaggo, wadda take ce wa Iya.

"Ni kam Iya kin yi dace da 'ya. Ni ma an ce an kawo wata tawa makarantar nan taku, jikar yayana. Yau wata biyu ko ƙeyarta ban gani ba. Boko ya hau mata kai."

Na ce, "Kai, amma ba ta kyauta ba. Yaya sunanta, Hajiya, in nemo miki ita?"

"Sunan uwata gare ta, ba na faɗa. Bar ta ma. Ni ba zan aika neman yarinya ba."

Na ce gaskiya irin waɗannan su suke ɓata mana suna. Na ƙara da cewa in da ni ce ubanta, gida zan mayar da ita. Da bakina na faɗa, ina tsifa ina ƙara gishiri. Gwaggo tana gefe sai tura itace take a wutar da ba ta buƙatar itace.

Saura mako biyu jarrabawa, ranar Alhamis da azahar, ina layin famfo Baba ya bugo. Shi da ba ya bugowa sai dai a bugo masa. Ko gaisuwata bai amsa ba.

"Ki haɗa kayanki. Jibi ina tahe."

"Baba, lafiya?"

"Asabar goma sha ɗaya kina ce mini tana gaishe ni. Ɗan Gwaggo ya je Utai, ta ce masa ko inuwarki ba ta taɓa gani ba. Ni za ki yi wa ƙarya, Ummi?"

Ya kashe. Na tsaya da waya a hannu har aka tsallake bokitina. Tsoro na ji, amma ruɗewa ta fi tsoron yawa. Na dubi tafin hannuna, ga kantar taɓarya. Na shiga ɗaki na buɗe kwano, ga daddawa. To ina nake zuwa? Har na fara tunanin ko tsufa ne ya sa Gwaggo mantuwa, ko kuwa wani laifi na yi mata ta rama ta wannan hanya. Na yi kuka sosai, ba don karatun kaɗai ba. Tun da nake Baba bai taɓa kira na maƙaryaciya ba.

Rifkatu ta bar ni na yi mai isata, sannan ta ce, "Kada ki haɗa komai. In ya zo ki kai shi gidan, ya tambaye ta a gabanki." Ta ƙara da cewa, "In dai ku kuna tambaya."

Asabar da hantsi ya iso, fuskar nan babu annuri. Na durƙusa a bakin ƙofar makaranta, mutane suna wucewa, na ce ya yi wa Allah mu je ya ji daga bakinta. Ya ce dama zai je, ya ba ta haƙurin abin da na yi. Babur biyu muka hau. Da muka sauka a gindin tsamiya na ga ya ɗan juya gabas, ya yi jim, sannan ya biyo ni.

Muna shiga idonsa ya sauka a kan tukunya. Ya ce a hankali, "Ikon Allah, har yanzu tana nan da ɓallinta." Sai na ji sanyi a raina. Ya cire takalmi, ya durƙusa nesa kaɗan, kansa a ƙasa yadda ya saba a gaban manya.

"Gwaggo, mun same ku lahiya?"

"Lafiya lau. Maraba da mutanen nesa. Ya hanya?"

"Alhamdu lillahi. Ya ƙarfin jiki?"

"Da godiya. Ya iyali?"

Suka yi ta yi. Gida, damina, gajiya, yara, haƙurin waɗanda aka rasa. Ni ina gefe ina jiran a zo wurin da za a wanke ni. Can Baba ya ɗago kai don karɓar ruwa, ya dube ta. Na ga kofin ya tsaya a hanya. Ya sha, ya ajiye, ya sake cewa, "To, ya ƙarfin jiki?" Aka sake sabon zagaye. Daga nan ya ce bari ya ɗan leƙa masallaci, ya yafito ni da ido. A zaure ya tsaya, ya rage murya.

"Ummi, wace ce wannan baiwar Allah?"

"Gwaggo ce."

"Gwaggon wa?"

Na ce ai ga tsamiya, ga daddawa, shi ma ya ga tukunya.

"Tukunyar dai ita ce," in ji shi, shi ma a ruɗe. "Amma Gwaggona doguwa ce. Da tsage a kumatu."

Kafin in buɗe baki sai ga tsohuwa ta fito da mayafi a kafaɗa, ashe tana jin mu. Ba ta dubi kowa ba. Ta ce, "Malam, ku biyo ni." Muka bi ta a jere, muka wuce masallaci, muka yi gabas. Gida shida ne tsakani, na ƙirga.

Hajiyar Gabas tana tsintar shinkafa. Tana ganin Baba ta saki faranti. "Isa! Kai ne? Ka tsufa!" Ko gaisuwa ba ta bari ya gama ba. "Ina 'yar taka mai girman kai? Ka zo da ita in gan ta?"

Baba ya nuna ni.

Ta dube ni, ta dubi bayana ko akwai wata. "Wannan? Wannan ai 'yar makarantar Iya ce." Sai ta saki salati, ta tafa hannu, ta sake salati. "Ke ce Mai-sunan-Inna? Ke da kika taya ni zaginta? Ke da kika ce a mayar da ita gida?"

Na ce ni ce. Ban san ko dariya zan yi ko kuka ba, sai na yi duka biyun.

A nan aka warware mini. Hajiya ce mai daddawar Utai shekara da shekaru. Da ta dawo daga Makka ɗanta ya hana ta zaman hayaƙi, sai ta bar wa maƙwabciyarta sana'ar har da tukunyar. Shekara tara ke nan. Babu wanda ya ga dalilin aika wa Magariya wannan labari.

Hajiya ta juya kan tsohuwa. "Ke kuma Iya, da girmanki? Yarinya ta shigo miki, ba kya ce 'yar wa ce ba?"

Iya tana tsaye a bakin ƙofa, ba ta zauna ba. Ta ce, "Yarinya ta durƙusa ta ce mini Gwaggo, in ce mata daga ina? Na ɗauka dangin marigayi ne, yana da mutane a arewa." Ta gyara mayafi. "Ranar da kika yi zancen taki, ranar na gane. Na ce gobe zan faɗa. In ta zo sai in ce bari ta gama shara. In ta gama in ce bari ta sha fura." Muryarta ta yi ƙasa. "Shekara huɗu babu wanda ya yi sallama a gidana sai maƙwabta da mai sayen daddawa. Ban san karatunta aka ɗora a kai ba. Wallahi da na sani da hannuna zan kawo ta."

Ta juya ta fita. Babu wanda ya tsayar da ita.

Gaskiya na ji haushinta. Saura ƙiris ta raba ni da karatuna, ta sa ubana ya kira ni maƙaryaciya. Amma ina jin haushin ina tuna yadda take ware mini daddawar da ta fi kyau, da yadda take tsayawa a gindin tsamiya har babur ya sha kwana. Na rasa inda zan ajiye zuciyata.

Baba ya juya wajen Hajiya. Sannan ya ce, "Gwaggo, ni dai abin da na ce, ke ce idona. Kina ganin yarinyar?"

"Kowace Asabar," in ji Hajiya. "Ga kitson da ta tsefe mini, ga maganin da take karanta mini. Ni da bakina na ce da ma ita ce tawa. Ka bar yarinya ta yi karatunta. Laifin naka ne ma, da ka aiko ta ba ka faɗi suna ba."

"Wane sunan zan faɗa, Gwaggo?"

Ta ce a kawo masa abinci.

Baba bai ce mini in yi haƙuri ba, kun san ba zai ce ba. A bakin gada dai, da zai hau mota, ya sayi kifi mai yawa ya miƙo mini ya ce in kai wa 'yar Zonkwan nan da nake faɗa. Amma kafin nan, da muka fito daga gidan Hajiya za mu bakin tsamiya, sai da muka bi ta ƙofar gidan daddawa. Na sunkuyar da kai zan wuce. Shi ya tsaya. Ya yi sallama, ya shiga, na bi shi. Iya tana gaban tukunya, ta ba mu baya. Ya cire takalmi ya durƙusa a daidai inda ya durƙusa ɗazu, yanzu kuma ya san sarai ko wace ce.

"Gwaggo, za mu koma. Ga amana nan, ta ku biyu ce. In ta yi ba daidai ba ki tsawata mata."

Ba ta juyo ba. Ta ce hayaƙin itacen nan ya cika yaji, ta goge ido da bakin zane. Can ta ce, "Asabar mai zuwa akwai surfe. Ta zo da wuri."

Na je da wuri. Yanzu safiya a gidan Iya nake yi, yamma a gabas, kuma kowace sai ta tambaye ni abin da ɗayar ta ba ni. Na rubuta jarrabawa, na dawo, kuma in Allah ya so bayan hutu zan koma. Miyar kukar da kuka sha a gidanmu shekaranjiya kuna santi, daddawar Iya ce.

Ranar da za mu rabu Rifkatu tana ɗaure jaka ta ce, "To yanzu dai, bayan duk wannan, kin tambayi sunayensu?"

Na ce mata Allah ya kiyaye hanya, ta gaida Mama.